Mauser 71/84: Abin da Na Gani Bayan Wata Shida Tana Hannuna

Wata shida ke nan da na sayi tsohuwar bindigar sojan Jamus samfurin Mauser 71/84 a wani shagon kayan tarihi a ƙasar Ingila, inda nake zaune, kuma a tsawon wannan lokaci na zare sakatarta na mayar fiye da sau ashirin, na kuma shafe darare ina kallon yadda ƙarafanta suke motsi a ƙarƙashin fitila, don haka ina ganin na kai matsayin da zan faɗi ra'ayina a kanta ba tare da gaggawa ba. Sana'ata sassaƙa ƙarfe ce a kan inji, kuma da idon mai wannan sana'a na saye ta. Ban taɓa harba ta ba, ba ni kuma da niyyar yin haka. Dokar Birtaniya ta sanya harsashinta mai kaurin milimita 11 cikin jerin waɗanda aka daina amfani da su, saboda haka an yarda mutum ya ajiye ta a matsayin kayan tarihi ko na ado ba tare da lasisi ba, matuƙar ba harba ta zai yi ba. Wannan sassauci na nan ne kawai, kada mai karatu a gida ya ɗauka haka dokar take a Najeriya ko Nijar, inda riƙe bindiga babu izinin hukuma babban laifi ne.

Abin da ya fara jan idona a shagon shi ne hasken gidan sakatar, domin Jamusawa ba su rina wannan ɓangare ba, sun goge shi ne suka bar shi fari tas, alhali bututun an rina shi baƙi mai sirkin shuɗi, kuma bayan shekara fiye da 130 bambancin launukan biyu yana nan. A saman gindin bututun, inda aka yi masa kusurwa takwas, an buga kambi da sunan Spandau, wato masana'antar makamai ta gwamnatin Furushiya, babbar masarautar Jamus ta wancan zamani, wadda take gefen birnin Balin a lokacin. A ɓangaren hagu na gidan sakatar an rubuta I.G. Mod. 71/84, a ɓangaren dama kuma shekarar 1887. Tsawonta ya kusa mita 1.3, bututun kaɗai santimita 80 ne, nauyinta kuwa ya kai kilo huɗu da rabi babu harsashi a ciki, shi ya sa duk baƙon da ya ɗaga ta karo na farko sai ya gyara tsayuwa. Kusan kowane ƙarfe a jikinta yana ɗauke da lambar bindigar, manyan sassa da cikakkiyar lamba, ƙanana kuma da lambobi biyu na ƙarshe, har da kawunan notuna, domin a wancan zamani bayan inji ya gama nasa sai ma'aikaci ya bi da magagari ya daidaita kowane yanki da maƙwabcinsa, kuma ba lallai ne yankin wannan bindiga ya zauna daram a waccan ba.

A kan lambobin ne muka ɗan sami saɓani da mai shagon. Ya rubuta a takardar da ya rataya mata cewa dukkansu sun dace, amma da na isa gida na bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma, sai na tarar zoben tsakiya da yake ɗaure bututu da katako yana ɗauke da wata lamba dabam. Na koma na nuna masa, bai yi musu ba, ya ce haka ta zo masa bai lura ba, ya kuma mayar mini da wani abu daga cikin kuɗin. Na yaba da hakan, ko da yake har yanzu ina ganin bai dace wanda yake cin abinci da wannan sana'a ya rubuta abin da bai tabbatar ba. Ya haɗa mini da harsasan gwaji guda biyu waɗanda babu albarushi babu ƙyastu (ɗan abin da yake kunna albarushin idan an buge shi) a cikinsu, ni kuma na sassaƙa wasu takwas da tagulla daidai da awonsu, kuma da waɗannan goman na yi duk gwajin da zan ambata.

Ana kiran irinta bindiga mai sakata ne saboda ƙarfen da yake rufe bayan bututun aikinsa ɗaya da sakatar ƙofar zaure: a ɗaga hannunta, a ja baya, a tura gaba, a kwantar da hannun cikin gurbinsa. Johann Nikolaus von Dreyse ne ya kai wannan dabara hannun sojoji, lokacin da Furushiya ta karɓi bindigarsa mai allura a 1841. Harsashinta na takarda ne, kuma doguwar allura ce take huda takardar ta ratsa albarushin kafin ta kai ga ƙyastun da yake manne a gindin dalmar, saboda haka allurar tana cikin wuta a kowane harbi har ta yi rauni ta karye, hayaƙi mai zafi kuma yana tsirtowa ta baya zuwa fuskar mai harbi. Faransawa sun rage wannan yoyo a bindigar Chassepot ta 1866 da zoben roba, wanda shi ma zafi yake busar da shi ya tsattsage. Cikakken magani ya zo ne daga kwanson tagulla, wanda yake kumbura a lokacin harbi ya toshe bayan bututun da kansa, sa'an nan ya saki don a zaro shi. A kan irin wannan kwanso ne wasu 'yan'uwa biyu, Wilhelm da Paul Mauser na garin Oberndorf da ke bakin kogin Neckar, suka gina bindigarsu ta 1871, wadda take cin harsashi ɗaya a lokaci guda. Tana da ƙugiyar zaro kwanso amma ba ta da abin cilla shi waje, sai dai soja ya karkata ta kwanson ya faɗi.

Sakatar 71/84 'yar waccan ce ta 1871, kuma idan aka zare ta aka ɗora a kan tebur za a ga sassanta ba su da yawa. Akwai gangar jiki mai miƙaƙƙen hannu da dunƙule a ƙarshensa, akwai kai na daban wanda ba ya juyawa tare da jikin kuma shi ne yake riƙe da ƙugiyar, akwai allura da sifirinta a ciki, sai ƙarfen baya mai ɗauke da makulli. A ƙarshen gangar jikin an yanka wani gangare, wanda idan aka ɗaga hannun yake tura ƙarfen baya ya matse sifirin, wato bindigar tana ɗanuwa ne tun a wajen buɗewa. Ana jin wannan a tafin hannu, domin ɗagawar tana farawa da nauyi, sa'an nan ta saki da ɗan ƙara, daga nan sakatar ta zamo baya sumul babu ko gargada. Na yi aiki da ƙarafan da aka sassaƙa da injuna masu kwamfuta waɗanda ba su kai wannan santsi ba. Makullin kuwa ɗan ganyen ƙarfe ne a can baya, wanda ake kifarwa daga hagu zuwa dama ya tare allurar, kuma ko cikin duhu babban yatsa yana gane inda yake.

Inda na ga rauni shi ne wajen kullewa. Abin da yake riƙe sakatar a lokacin harbi wuri ɗaya ne tak, wato doguwar kafaɗar da hannun yake fitowa daga cikinta, wadda take faɗawa gaban bangon dama na gidan sakatar idan an kwantar da hannun. Gidan kansa an tsaga shi ta sama a ɓangaren baya domin hannun ya sami hanyar wucewa. Ma'anar wannan ita ce duk ƙarfin da albarushi ya turo baya yana sauka a gefe guda, kuma can nesa da gindin harsashin, kamar ƙyauren da aka tokare ta kusurwa ɗaya aka bar sauran. A tawa ana ganin shaidar haka ƙarara, domin inda kafaɗar take haɗuwa da bangon ya yi wani ɗan sheƙi kamar tsohon kwabo, alhali ɗaya gefen ko ƙwarzane babu. Ga baƙin albarushi wannan ya wadatar, tunda giram 5 ne yake tura dalma mai giram 25 da gudun da bai kai mita 450 a daƙiƙa ba. Amma Paul Mauser ya san iyakar tsarin nasa, domin a bindigar da ya yi wa Turkiyya a 1887, mai harsashin milimita 9.5, ya ƙara wa sakatar wani haƙorin kullewa na biyu.

Duk da haka ba don sakatar na saye ta ba. Na saye ta ne saboda abin da lambar 84 take nufi, wato rumbun harsashin da aka ƙara mata a 1884, wanda ya mayar da ita bindiga mai maimaita harbi ta farko da sojan Jamus ya riƙe. Suwizalan ta riga kowa a Turai a wannan fage, domin tun 1869 ta bai wa sojojinta bindigar Vetterli, wadda ta haɗa sakata da dogon rumbu a ƙarƙashin bututu irin na Winchester ta Amurka. Manyan ƙasashe sun daɗe suna kallon abin a matsayin almubazzaranci, har sai da aka yi yaƙin Plevna a 1877, inda sojojin Turkiyya ƙarƙashin Usman Fasha suka yi wa Rashawa mummunar ɓarna, suna harbin nesa da bindigar Peabody-Martini mai cin ɗaya ɗaya, na kusa kuma da Winchester mai maimaitawa. Shekara guda bayan haka sojan ruwan Faransa ya karɓi bindiga mai rumbu bisa tsarin Alfred von Kropatschek, wani hafsan sojan Ostiriya, kuma duk abin da Faransa ta riƙe a wancan zamani ba ya barin Jamus ta yi barci. Wilhelm Mauser ya rasu a 1882, saboda haka Paul ne ya kai wannan aiki gaci, kuma abin da ya fito da shi ya yi kama ƙwarai da na Kropatschek.

Rumbun wani siririn bututu ne da yake kwance cikin katako a ƙarƙashin babban bututun, da doguwar sifirin a cikinsa mai turo harsasai baya, kuma yana cin takwas jere, hancin wannan a gindin wancan. A ƙasan gidan sakatar akwai wani ƙarfe mai kwarmi da Jamusawa suke kira cokali, kuma sunan ya dace da shi sarai, domin gindinsa ne a maƙale, bakinsa kuma yana sauka yana tashi. Idan cokalin ya sauka, bakinsa yana daidaita da bakin rumbun, wani ɗan haƙori ya saki harsashi guda ya zamo cikinsa, ya kuma tare na biye. Idan ya tashi, sai ya karkata harsashin ya fuskanci bakin babban bututun, sakatar ta zo ta tura shi ciki. Abin da ya fi burge ni a duk bindigar shi ne ƙarfen da yake motsa cokalin. Wata siririyar sanda ce da take tafiya tare da sakatar ta gefen hagu, kuma aiki biyu take yi: ita ce take bugun gindin tsohon kwanso ta cilla shi waje, abin da bindigar 1871 ta rasa, ita ce kuma take karo da wani ɗan ƙusumbi a jikin cokalin a ƙarshen jan sakatar ta ɗaga shi, sa'an nan ta mayar da shi ƙasa idan an rufe. Babu wani inji na daban, babu ƙarin hannu, motsin nan guda na ja da turawa shi ne yake zaro kwanso, ya jefar da shi, ya ɗago sabon harsashi, ya cusa shi, ya kuma tanadi na gaba.

Na yi wannan a hankali sau da yawa ina leƙawa da tocila, kuma a nan na gano halinta. Ba ta son hannun tsoro. Idan aka ja sakatar da sanyin jiki aka tsaya saura kaɗan ta kai ƙarshe, cokalin ba ya tashi, sai a tura sakatar gaba a rufe a kan bututun da babu komai a ciki. Dole a ja ta har ta bugi iyakarta a ji ƙarar tashin cokalin, wani ɗan ƙwas mai tsabta, kafin a mayar. Da na saba da wannan, harsasan gwajin nan takwas sun riƙa shiga suna fita ba tare da ko ɗaya ya maƙale ba, kuma idan aka ƙara ɗaya a kan cokalin da ɗaya a cikin bututun, goma ke nan cif a jikinta.

A gefen hagu na gidan sakatar akwai wani ɗan hannu da ake turawa gaba ko baya, kuma a ganina shi ne ya fi kowane yanki bayyana tunanin waɗanda suka ba da odar bindigar. Aikinsa shi ne ya janye ƙusumbin nan daga hanyar sandar, ta yadda cokalin zai tsaya a sama ya zama faranti kawai, rumbun kuma ya kulle da harsasansa takwas a ciki. A wannan hali bindigar ta koma mai cin ɗaya ɗaya kamar uwarta. Haka aka koya wa soja ya riƙa amfani da ita a yawancin lokaci, yana ɗauko harsashi daga jaka yana sakawa da hannu, ba ya taɓa na rumbun sai hafsa ya ba da umarni, misali idan mahaya dawakai sun kawo hari ko an zo gab da gab. Manyan hafsoshi suna tsoron kada soja ya ƙarar da harsasansa cikin mintuna kaɗan a bar shi da banati, wato wuƙar da ake maƙalawa a bakin bindiga, kuma ba zan ce tsoron nasu babu dalili ba, tunda a keken doki ake kai harsashi fagen fama, baƙin albarushi kuma yana tara hayaƙi da dauɗa da sauri. Ba Jamusawa kaɗai ba ne, Lebel ta Faransa da Lee-Metford ta Birtaniya da Krag-Jørgensen duk suna da irin wannan abin tsayar da rumbu. Sai dai da na gwada cika rumbun da kaina, na ga akwai wani dalili da ya fi wannan kusa da hannu.

Babu hanyar cika shi sai ɗaya bayan ɗaya. A buɗe sakata, a danna cokalin ƙasa, a kwantar da harsashi a kansa, a tura shi da babban yatsa cikin rumbun har haƙorin ya kama shi, a ɗauko wani. Na farko da na biyu suna shiga cikin sauƙi, amma sifirin tana ƙara tauri, kuma kafin a kai na bakwai da na takwas yatsa ya fara zafi, gefen ƙarfen kuma yana gogar farce. Ni ina zaune ne a ɗaki mai ɗumi da haske, hannuna a bushe, babu mai harbina. Lokacin da mutum zai ɓata wajen cusa takwas ɗin nan ya kusa wanda zai ɗauka ya harba su ɗaya ɗaya da hannu, don haka a dogon artabu rumbun ba ya ƙara yawan harbi da wani abin kirki. Ajiya ce ta lokacin tsanani, kamar ruwan da matafiyi yake ɓoyewa a ƙasan kaya, kuma idan ta ƙare sai an sami sarari kafin a sake tara ta. A nan nake ganin ainihin matsalar bindigogin wannan zamani take: maƙeran sun warware yadda harsashi zai tashi daga rumbu zuwa bututu da gwaninta mai ban mamaki, amma yadda zai shiga rumbun tun farko bai sami irin wannan kulawa ba.

Sauran illolin dogon rumbu suna biye da juna. Dalma da albarushin harsasai takwas kaɗai sun kai giram 240, ban da nauyin kwansonsu, kuma duk wannan yana kwance ne a gaba, saboda haka bindigar tana rinjaya ta baki idan ta cika, tana kuma sauya nauyi a hannu da kowane harbi. Na ɗora ta a kan yatsu biyu a cike da kuma babu komai, kuma wurin da take daidaita ya gusa sosai. Sa'an nan tunda hancin kowane harsashi yana tokare da gindin na gabansa, daidai inda ƙyastun yake, girgizar harbi tana iya tayar da ɗaya a cikin rumbun, shi ya sa aka daddale hancin dalmar wannan samfuri aka mai da shi shafaffe. Rumbun siriri ne, ƙaramar lotsawa tana iya tsayar da harsasan. Ya kuma cinye gurbin da sandar wanke bututu take zama a bindigar 1871, saboda haka wannan ba ta da ita, abin da ake gani a ƙarƙashin bakinta gajeren ƙarfe ne da sojoji suke sarƙe bindigogi da shi su tsayar da su kamar murhu a sansani. Masu saye da yawa suna ɗauka sandar ce ta karye.

Abin da yake ba ni tausayin wannan bindiga shi ne lokacin da ta zo. A shekarar da aka amince da ita, 1884, wani masanin sinadarai na Faransa mai suna Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi, kuma a 1886 Faransa ta fito da bindigar Lebel mai harsashin milimita 8, wanda gudunsa ya haura mita 600 a daƙiƙa. Ke nan lokacin da ma'aikatan Spandau suke buga 1887 a jikin tawa, suna goge kawunan notunanta ɗaya bayan ɗaya, zamani ya riga ya wuce ta. Lebel ta kulle sakatarta da haƙora biyu a gaba, kusa da gindin harsashi, inda ƙarfin yake, kuma wannan shi ne daidai. Amma ta riƙe dogon rumbu mai cin takwas, har ta shiga yaƙin 1914 da shi, kuma da Faransawa suka koma harsashi mai tsini a 1898 sai da suka yanka kwarmi a gindin kwanso kewaye da ƙyastun domin tsinin na baya ya faɗa ciki. Jamus kuwa ta yi gaggawar kafa kwamiti ya haɗa mata bindigar 1888 ba tare da an nemi Paul Mauser ba, 71/84 kuma ta koma hannun sojojin ko-ta-kwana da ɗakunan ajiya bayan 'yan shekaru kaɗan. Wannan ne ya sa ake samun da yawa daga cikinsu yau da ƙaramar alamar aiki.

Amsar da ta ɗore ta riga ta wanzu tun kafin a ƙera tawa. James Paris Lee, haifaffen Sikotilan da ya yi aikinsa a Amurka, ya yi rajistar rumbu mai siffar akwati a 1879, wanda yake zaune a ƙarƙashin sakatar kai tsaye, harsasai suna kwance wani a kan wani, babu hancin da yake taɓa ƙyastu, nauyin kuma yana tsakiya. Birtaniya ta karɓe shi a Lee-Metford a 1888. Ferdinand Mannlicher na Ostiriya ya warware ɗaya rabin matsalar, da ya haɗa harsasai biyar cikin ɗan maƙalin ƙarfe da ake cusawa gaba ɗaya, wanda yake faɗowa ta ƙasa idan sun ƙare, kuma shi kwamitin Jamus ya ara a 1888. Paul Mauser da aka bari a waje ya dawo da abin da ya fi duka sauƙi a bindigar da Beljiyam ta karɓa a 1889, wadda saboda ƙera ta aka kafa kamfanin makamai na FN a garin Herstal: siririn zirin ƙarfe mai riƙe harsasai biyar, a dasa shi a saman gidan sakata, a danna da babban yatsa sau ɗaya su sauka cikin akwatin, a yar da zirin. A samfurin Sifen na 1893 ya jera harsasan layi biyu a karkace har akwatin ya ɓace cikin katako, a 1898 kuma ya kammala da Gewehr 98. Idan na ɗora hoton sakatar 98 kusa da tawa, kan da ake cirewa ya tafi, tsagar gidan ta tafi, kullewa ta gefe guda ta tafi, cokali da sandarsa sun tafi. Ganyen makullin nan ne ya tsira, yana nan a inda yake tun 1871.

Ga wanda yake son ya harbi wani abu ko ya nemi abin kare kai, wannan ba hajarsa ba ce, kuma ban rubuta dominsa ba. Ga mai sha'awar ƙira da injuna kuwa, ko malamin da yake son ɗalibansa su ga yadda gangare da sanda da sifirin suke mayar da motsi guda ya zama ayyuka biyar, ban san wani abu mai wannan farashi da ya fi ta koyarwa ba, domin komai nata babba ne, a fili yake, ana iya bin sa da ido. Na san makami ce da aka ƙera don kisa, kuma wannan ba ya barin zuciyata ko da ina yaba aikin hannun da ke jikinta. Kuɗin da na biya bai yi mini sauƙi ba, amma ban yi nadama ba, kuma da za a sake ba ni zaɓi tsakaninta da Gewehr 98 mai irin wannan lafiya, ita zan ɗauka, saboda a jikinta ne ake ganin maƙerin yana kokawa da matsalar da bai gama ganewa ba tukuna.

Wanda zai saya ya duba abubuwa kaɗan kafin ya biya. Ya leƙa cikin bututun da fitila, domin baƙin albarushi yana jawo tsatsa idan ba a wanke ba, kuma ya kamata layukan nan huɗu da suke murɗawa a ciki su fito sarai. Ya bi katakon gaba da yatsa, tunda rami biyu ne a cikinsa, na bututu da na rumbu, bangonsa siriri ne kuma a nan yake yawan tsagewa. Ya tura ɗan hannun hagun gaba da baya ya ja sakatar a kowane hali, ya tabbata cokalin yana tashi a ɗaya yana tsayawa a ɗayan. Abu na ƙarshe shi ne notin da yake riƙe washa a saman kafaɗar sakatar, wanda shi ne yake hana ta zarewa gaba ɗaya. A wannan samfuri an soke shi da ɗan tsinke domin kada ya fita ya ɓata a hannun soja, saboda haka sassauta shi kawai ake yi har washar ta ɗaga, ba a kwance shi duka. Mutane da yawa da ba su san haka ba sun matsa masa da sukurudireba har tsinken ya karye ko kan notin ya cinye. Na tawa yana da ɗan rauni a bakin tsagarsa daga hannun wani da ya riga ni, amma tsinken yana nan, kuma na sassaƙa sukurudireba ta musamman daidai faɗin tsagar, wadda nake ajiyewa a akwati ɗaya da harsasan gwajin.